Gilashi uku a riyal 2,000: in saya ko in bari?

Wani mai ɗaukar hoto daga Jidda ya aiko da tambaya. Yana da kyamarar Canon irin mai madubi, da gilashin kyamara (lens) mai lamba 18-55 da ta zo da shi. Aikinsa hotunan walima da ɗaurin aure a ɓangaren maza, sai hoton kaya da yake yi wa masu shagon turare. Ya tara riyal 2,000, kuma ya ga wani a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet a Saudiyya, yana sayar da gilasan hannu guda uku a dunƙule: 75-300, da 50, da wani tsoho wanda sai da hannu ake saita shi. Yana so ya san ko ya kwashe su.

Malam, Allah ya sa wa nema albarka. Shawarata kada ka kwashe su.

Ka fara duba aikin da yake kuɓuce maka. Walima a nan da dare ake yin ta, cikin zaure ko istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, inda haske bai wadata ba. Gilashinka na 18-55 idan ka zuƙo shi zuwa 55, ƙofar haskensa ba ta wuce f/5.6 (girman wannan lamba na nufin ƙarancin hasken da ke shiga), shi ya sa fuskoki ke fitowa dishi-dishi. Shi ma 75-300 ɗin a ƙarshensa f/5.6 ne, wato ka biya kuɗi ka sayo matsalar da kake da ita. Na wasan ƙwallo ne da rana, ba na zauren biki ba. Tsohon nan kuwa, kafin ka gama murɗa shi ango ya tashi daga wurin.

Abin da zai ƙara maka kuɗi shi ne 17-50 mai f/2.8, na Sigma ko Tamron. A zuƙowar ƙarshe yana shigar da haske ninki huɗu na wanda kake samu yanzu, kuma yana ɗaukar taron mutane ba sai ka manne da bango ba. In kuɗi ya ragu, ka nemi mai tallan ya cire maka 50 ɗin shi kaɗai. In f/1.8 STM ne, wanda Canon ta fitar a 2015, sabonsa ya fito kan kusan dala 125, ƙasa da riyal 500 ke nan a canjin 3.75. Ka riƙe wannan a ranka wajen ciniki. Yana fito da kwalbar turare da fuskar mutum ɗaya da kyau, amma a kyamararka zai zama kamar 80, wato yana matse fili, bai dace da hoton jama'a ba.

Lokacin ma yana taimakonka. Tun da Canon ta kawo tsarin RF a 2018, masu hali suna komawa kyamara marar madubi suna sakin gilasan EF, wato na kyamara mai madubi irin taka. Kuma in ka koma can wata rana, adafta za ta ɗauki naka.

Inda na fi damuwa shi ne dubawa. Laimar Jidda tana haifar da fumfuna a cikin gilashi. Ka cire murfi biyun, ka haska fitilar waya ta baya, ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kusan kowane na hannu yana da ita. Amma in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, ko hazo, ka ajiye masa kayansa ko da ya rage rabi, don gyaran zai iya cinye rangwamen. Ka je da kyamararka ka ɗaura shi, ka ɗauki abu na kusa da na nesa, ka saurari injin saitin, ka buɗe hoton ka duba kusurwoyi huɗun. Kada ka tura ko riyal ɗaya na kafin alƙalami ga wanda ba ka gani ba; ku haɗu ido da ido. In shago ne, ka tambaya ko farashin ya haɗa da harajin kashi 15, kuma ka karɓi rasit mai lambar gilashin.

Kada ka ƙarar da 2,000 ɗin kaf. Ka bar na batir na biyu da katin ajiya, da akwati mai rufuwa ruf wanda za ka zuba wa ƙunshin nan masu tsotse danshi. Sannan ka lissafa: nawa za ka ƙara a kan kowane biki saboda hoton ya gyaru, kuma biki nawa zai mayar da kuɗin? In lissafin ya wuce shekara, ka ci gaba da ciniki har farashin ya sauko, ko ka jira wani mai sayarwar.