Labarin fim na tsira da rai a hamada: ina ƙarfinsa, kuma wa zai saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala rubuta labarin fim mai shafi 128. Motar Hilux ce ɗauke da matafiya ta lalace a hamadar Tenere, tsakanin Agadas da Dirku. Direba da wasu sun tafi neman taimako ba su dawo ba. Mutum tara suka rage da jarka biyu ta ruwa, suka yi kwana 11 kafin a ceci uku. Jarumar bazawara ce mai ɗa ɗan shekara takwas. Na sa waiwaye 14 don a ga rayuwar kowa a gida, da waƙa ɗaya. A ƙarshe sojojin sintiri ne suka tsince su. Yaya zan gane labarin yana da ƙarfi, kuma akwai mai saye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tushen labarinka mai kyau ne, kuma shi ya fi wuyar samu. Ana iya faɗarsa da numfashi ɗaya: uwa da ɗanta, ruwa yana ƙarewa, ba hanya. Wanda ba ya jin Hausa zai gane, wanda ya san yankin kuma ya san ba ƙirƙira ba ce. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, dab da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace. Amma bisa bayaninka, akwai abubuwan da za su sa mai tantance labaran fim a kamfanin shirya finafinai ya ajiye rubutun tun kafin shafi na 30.

Fara da lissafin ruwa, domin a irin wannan fim ruwan shi ne agogo. Jarka biyu masu lita 25 sun kama lita 50. Raba wa mutum tara na kwana 11, kowa zai samu rabin lita a yini. A zafin watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ake haura digiri 45, mai tafiya a rana yana iya zubar da gumin lita guda cikin awa ɗaya, wanda ruwa ya yanke masa gaba ɗaya kuwa da wuya ya wuce kwana uku. Duk wanda ya taɓa bin hanyar zai daina yarda da kai. Mafita biyu ce. Ko ka rage kwanakin zuwa huɗu ko biyar, ko ka mayar da labarin watan Disamba ko Janairu, inda rana take da sauƙi amma sanyin dare yake zama abokin gaba na biyu. Mu dai mun fi son ka rage kwanakin da mutanen baki ɗaya: mutum biyar, jarka ɗaya, kwana biyar. Sannan ka sa mai kallo ya san adadin ruwan a kowane lokaci. Wani ya riƙa zana layi da ƙusa a jikin jarkar kowace safiya, ranar da ruwan ya yi ƙasa da layin fiye da ƙima, kowa ya san an yi sata cikin dare ba tare da an furta kalma ba. Ruwan lagireto ma zai ba ka fitowa mai kyau, wato yanki guda na fim, domin idan an zuba masa sinadarin sanyaya inji guba ne mai lalata ƙoda, wanda ya sani zai hana, wanda ƙishi ya ci ƙarfinsa ba zai ji ba.

Abin da ke bambanta labari mai ƙarfi da jerin wahalhalu shi ne zaɓi. Rana da yashi ba su da fuska, ba a iya jayayya da su. Mai kallo yana zama a kujera ne don ya ga abin da mutum zai yi wa ɗan'uwansa: a zauna gindin mota ko a kama hanya, a ba marar lafiyar da ba zai tashi ba rabonsa ko a hana, uwa ta ɓoye kwalba don ɗanta ko ta fito da ita. Ga gwajin da za ka yi da kanka. Rubuta kowace fitowa a kan kati ɗaya, ka amsa tambaya uku a bayansa: me ya ragu, wane sirri ya fito, wa ya sauya ɓangare? Katin da ba shi da amsa ko ɗaya, cire shi. Sannan ka duba katunan jarumar, ka ƙirga sau nawa ita ta jawo abin da ya faru, sau nawa kuma abu ya faɗo mata kawai. Idan kuka da addu'a da jira sun fi yawa, babbar jaruma ba za ta ga abin da zai sa ta kwana a yashi don rawar ba.

Waiwaye 14 ɗin nan su ne babbar ɓarakar. Fim ɗin tsira yana aiki ne da ƙuntatawa, mai kallo ya ji shi ma ba shi da wurin gudu. Duk lokacin da ka kai shi tsakar gida inda ake shan ruwan randa, ka ba shi hutu, sai ka sake tara fargabar daga farko. Ga kuma kuɗi: waiwaye 14 na nufin ƙarin lokeshan, ƙarin 'yan wasa, ƙarin kwanakin ɗauka. Yi amfani da shafi takwas zuwa goma na farko a tashar Agadas mu san kowa wajen cinikin kuɗin mota da rigimar wurin zama, motar ta mutu kafin shafi na 15. Sauran tarihinsu ya fito daga abin da ke aljihu, kamar saƙon murya a waya mai ƙarancin caji ko takardar bashi. Waƙar kuma ta tafi, sai dai idan uwar ce take rera wa yaro da busasshen maƙogwaro.

Ƙarshen ma yana buƙatar hannu. Sojoji su zo ba laifi, ana samun hakan a zahiri. Amma su zo saboda abin da jarumar ta aikata, kuma ya zamana ta biya farashi. Misali ta ƙona safayar taya da ragowar mai don baƙin hayaƙi ya tashi, alhali saura sun so a adana man. Ka nuna safayar tayar da kuma ashanar tun a shafukan farko.

Tsawo kuwa, idan an buga da harafin Courier mai girman 12 kamar yadda aka saba, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne. Naka ya haura awa biyu. Irin wannan fim yakan tsaya tsakanin minti 85 da 100. Bayan gyara, tara mutum biyar ko shida waɗanda ba abokanka ba su karanta da baki, kai kana gefe da biro kana lura da shafin da suka fara duba waya.

Batun kasuwa. Abin da ke jan furodusa ga wannan nau'in shi ne 'yan wasa kaɗan, wuri ɗaya, magana kaɗan, don haka yana tsallaka harshe cikin sauƙi. Fim ɗin Buried na 2010, mutum ɗaya ne cikin akwatin gawa daga farko har ƙarshe, an kashe kusan dala miliyan 2, ya kawo kimanin dala miliyan 20. Sai dai hamada ba akwati ba ce. Iska tana ɓata sauti har sai an sake naɗar murya a situdiyo, yashi yana shiga gilashin kamara, fitowar dare tana son janareta da fitilu a inda ba titi, ƙaramin yaro ba ya aikin awanni da yawa a rana. Kwalliyar tsagewar leɓe da ramewa dole ta riƙa ƙaruwa daki-daki, wanda ke tilasta a ɗauki fim ɗin bisa jerin labarin. Idan ana ɗaukar shafi biyar a yini, shafi 90 kwana 18 ne, ka ƙara uku ko huɗu don ƙura. Ba sai an je Tenere ba, akwai tuddan yashi a yankin Yusufari na Jihar Yobe, amma ko ina aka zaɓa izini da tsaro da inshora suna cikin kasafi. Rubuta wannan lissafin a shafi ɗaya ka haɗa da labarin, furodusa ya fi saurin amsa wa marubucin da ya san tsadar abin da ya rubuta.

Gaskiyar da ba daɗi ita ce kasuwar Kannywood ta yau ta karkata ga finafinai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, inda riba take cikin yawan makonni. Labarinka ba ya miƙuwa haka, idan ka ja shi zango-zango ya mutu. Iyakar abin da zai jure kashi huɗu ne masu minti 25. Manyan dandalin kallo na intanet ma ba abin dogaro ba ne tun daga rubutu, Amazon ya dakatar da ɗaukar nauyin sababbin finafinai a Afirka a Janairun 2024. Sun fi sayen fim ɗin da aka gama, musamman wanda ya zaga bukukuwan finafinai. Don haka hanyar da ta fi dacewa da kai ita ce ta asusun tallafi da kasuwannin haɗin gwiwa: asusun Hubert Bals na bikin finafinai na Rotadam a ƙasar Holan yana ba da har yuro 10,000 don inganta rubutu, akwai Durban FilmMart a Afirka ta Kudu, da Ouaga Film Lab a Burkina Faso, sai bukukuwa irin su FESPACO na Burkina Faso da AFRIFF na Nijeriya idan fim ya kammala. Galibinsu darakta da furodusa suke nema tare da labarin, don haka samun su shi ne matakinka na gaba. Za ka buƙaci fassarar Turanci ko Faransanci, da jimla ɗaya mai tallata labarin, da taƙaitawar shafi ɗaya.

Kafin ka tura wa kowa, yi rajistar rubutun a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya. Haƙƙinka yana nan ko ba rajista, amma takardar hujja ce ta kwanan wata. Doka tana kare rubutun ne, ba ta kare dabarar "mota ta lalace a hamada", kowa yana iya rubuta tasa. Idan furodusa ya nuna sha'awa, kada ka sayar gaba ɗaya a zaman farko. Ku rubuta yarjejeniyar riƙo ta wata 12 zuwa 18: ya biya kafin alƙalami, a rubuta cikakken farashi da ranar biya, da yadda sunanka zai fito, da wanda yake da ikon sauya ƙarshen labarin, da sharaɗin cewa idan wa'adi ya cika ba a fara ɗauka ba, labarin ya dawo hannunka.