Ciwon Gwiwar Inna Da Ƙwayoyin "Haɗi"

Tambaya: Likita, mahaifiyata shekararta 63, a Kumo muke. Gwiwoyinta sun hana ta sujada, a kan kujera take sallah, in ta miƙe sai ka ji ƙas-ƙas. Mai kemis ya ce ruwan gwiwar ne ya ƙafe, kullum yana ba ta haɗi. Ciwon ya lafa amma fuskarta ta kumbura. Ina tsoron kada ta gurgunce.

Amsa: Malama, Allah ya ba Inna lafiya. Alamun nan sun yi kama da amosanin gaɓɓai. Guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashin gwiwa kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne kacal, kuma jini ba ya ratsa shi, shi ya sa idan ya zaizaye ba ya komawa. Daga nan ƙashi ya fara gogar ƙashi, gefensa ya yi tsiro. Ruwan kuwa bai ƙafe ba, sau da yawa ma ƙaruwa yake yi. Cutar a hankali take tafiya, ba ta cika gurguntarwa ba.

Kumburin fuskar nan shi ya tayar min da hankali. Kullum sai an kawo mana irin wannan ƙulli a leda, ƙwayoyi kala-kala, ba kwali ba suna. In ka duba sai ka tarar da diclofenac da piroxicam, ga dexamethasone ko prednisolone a ciki. Waɗannan biyun na ƙarshe su ke sa fuska ta cika ta yi zagaye, maƙwabta suna ta barka wai Hajiya ta murmure. Wace murmurewa? Suga na hawa, jini na hawa, ƙashi na rarakewa, wani ma kan ƙashin ƙugunsa ke mutuwa. Biyun farko kuwa, haɗa su ga dattijuwa neman gyambon ciki ne da ciwon ƙoda. Sai an ga bahaya baƙi ƙirin kamar kwalta sannan a kwaso ta cikin dare, jini ya riga ya zube. Mai ƙulla wa tsohuwa wannan haɗi bai auna jininta ba, bai san halin ƙodarta ba, ya ji tsoron Allah, rai ne a hannunsa. Babu ƙwaya ɗaya a ledar nan da ke mayar da guringuntsi.

Sai dai kada ku tsayar mata farat ɗaya. Jikin da ya saba da dexamethasone, in aka yanke kwatsam jini na iya faɗuwa, likita ne zai riƙa ragewa. Ku kai ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe a makon nan, da ledar a hannu, a duba suga da ƙoda, a ɗauki hoton gwiwa tana tsaye.

Ku nemi sashen gashin ƙashi su koya mata atisayen ƙarfafa cinya. In tana da jiki ta rage, don kowane kilo ɗaya kusan kilo 4 yake ɗora wa gwiwa a tafiya. A sa mata masai na zama, sanda kuma ta riƙe a hannun da ba na gefen gwiwar da ta fi ciwo ba.