Ƙugi a tashar FM: in sayi babban amfilifaya ko in gyara na hannu?

Tambaya: Salam Malam, ni ke kula da na'urori a wata ƙaramar tashar FM ta makaranta. Tunda muka saka amfilifaya mai wat 300 masu sauraro ke cewa suna jin ƙugi a ƙasan magana, maƙwabta kuma wai muna shigar musu talabijin. Wani ɗan kasuwa ya ce in sayi mai wat 1000 komai zai wuce. In saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, don Allah riƙe kuɗinka tukuna. Amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, ba ya wanke sigina, duk abin da ka ba shi shi zai ƙara wa ƙarfi har da dattin.

Wannan ƙugin yawanci na wuta ne, wutar Nepa da ta janareta a kan 50 Hz suke. Ka zare wayar sauti da ta taho daga situdiyo ka bar tiransimita, wato na'urar watsa shirye-shirye, ita kaɗai, ka kunna rediyo ka kasa kunne, in ƙugin ya ɗauke to laifin wayar ne ko kuma situdiyo da tiransimita ba a kan at (wayar da ake haɗawa da ƙasa) ɗaya suke ba, in kuwa yana nan buɗe ɓangaren wuta ka duba kafasita, ƴan gwangwanin nan masu tace wuta, za ka ga wasu kansu ya kumbura kamar burodi. Canza su.

Maganar talabijin ita ta fi damuna. Amfilifaya ajin C yana tattalin wuta sosai shi ya sa ake son shi a FM, dizal ma ya ragu, amma fa yana fitar da ƙarin sigina a kan ninkin mitar da kake watsawa. In kana kan 100 MHz, ninki na biyu 200 ne, tsakiyar zangon talabijin na 174 zuwa 230. Kuma daga 108 zuwa 137 MHz na jiragen sama ne, dab da ku, wallahi nan ba wajen wasa ba ne. Maganin ninkin shi ne filta mai tare manyan mitoci a bakin fita, amfilifaya masu araha da yawa ba sa zuwa da mai kyau.

In dole sai ka saya, nemi mai tiranzista LDMOS irin BLF188XR, mai filta a ciki, mai kashe kansa in eriya ta samu matsala. Auna SWR, wato ma'aunin ƙarfin da eriya ke maidowa baya, kar ya wuce 1.5, kar ka murɗe amfilifayan har ƙarshe, kuma lokacin hunturu ka riƙa kakkaɓe ƙurar fanka duk sati. Kafin ka ƙara ko wat ɗaya duba abin da lasisinku na NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, ya yarje muku.