Ina jihohin Kudu suka samo jiragen ruwan yaƙi a yaƙin basasar Amurka?

Malam, ka yi tambaya kan yadda jihohin Kudu da suka ɓalle daga Amurka tsakanin 1860 da 1861 suka samu jiragen ruwan yaƙi, alhali yawancin masana'antu da wuraren ƙera jirage suna Arewa. Sun gyara abin da ya faɗo hannunsu ne, sauran kuma suka sayo a ɓoye daga waje.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne jirgin da ake kira Virginia. Sojojin Arewa sun cinna wa jirgin Merrimack wuta kafin su bar tashar jiragen ruwa ta Norfolk, sai 'yan Kudu suka tsamo gangar jikinsa, suka yi masa rufi mai gangare, suka lulluɓe shi da ƙarfe, suka sa masa suna Virginia. Ranar 8 ga Maris 1862, a mashigin ruwa na Hampton Roads kusa da Norfolk, ya tunkuyi Cumberland, jirgin yaƙin Arewa, da ƙahon ƙarfen da ke goshinsa har ya nutsar da shi, harsasan igwa kuwa suna bugun jikinsa suna zamewa. Washegari ya gamu da Monitor na Arewa, shi ma mai sulken ƙarfe, suka shafe sa'o'i suna ɓarin wuta ba wanda ya kayar da ɗan'uwansa.

Jirgin Alabama kuwa, wanda yana cikin waɗanda aka sayo daga waje, a Birkenhead ta Ingila aka ƙera shi a 1862, ya kama jiragen 'yan kasuwar Arewa fiye da 60 kafin Kearsarge, jirgin yaƙin Arewa, ya nutsar da shi kusa da Cherbourg ta Faransa a 1864. Ɓarnar irin waɗannan jirage da aka ƙera a Birtaniya ta sa aka yanke mata hukuncin biyan Amurka diyyar dala miliyan 15.5 a 1872, kuma a ganina ta cancanci biya.