Amsa ga Hajiya kan jerin kiran da aka share a waya

Wa'alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki cewa jikanki yana wasa da Tecno ɗinki ya share jerin kiran da ke ciki kaf, kuma a cikinsu akwai lambar direban da ya ɗauko miki masara daga Techiman, ba ki adana ta ba, ga ragowar buhuna a hannunsa. Allah ya sawwaƙe. Gyaran waya ne sana'ata a nan Adum cikin Kumasi, wajen PZ, kuma wannan matsala tana yawan zuwa teburina.

Kafin ki gama karanta wannan, ki kashe data da wayfai a wayar. Kira zai ci gaba da shigowa, ba abin da zai hana direban samunki. Dalilin kashewar yana nan tafe.

Gaskiyar da masu tallan manhajoji ba sa faɗa ita ce, kiran da aka share da wuya a tono shi daga cikin wayar kanta. Jerin kira yana zaune ne a wani ɓangare na wayar da Android ta kulle, manhajar da kika sauko da ita ba ta da izinin tono abin da aka share a can. Wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama, wato tun daga 2019, duk bayanan cikinsu a rufe suke da lambobin sirri, kuma ma'ajiyar wayar tana tsabtace gurbin abin da aka share da kanta. A 2019 ɗin ne kuma Google ta taƙaita manhajojin da ke da damar karanta jerin kira da saƙonni a Play Store. Sim ma bai riƙe komai ba, domin wayoyin zamani ba sa rubuta kira a kansa. Saboda haka aikin da ke gabanki shi ne neman kwafin lambar a wani wurin da ta bar sawu, kuma irin waɗannan wurare sun fi yadda mutane ke zato yawa.

Ki fara da MoMo, wato asusun tura kuɗi ta waya. Kin taɓa tura wa direban nan kuɗin mota ko na mai, ko da sau ɗaya? Idan kin taɓa, magana ta ƙare. Saƙon da ke shigowa bayan an tura kuɗi yana ɗauke da sunan wanda aka tura wa, kuma bayanin cinikin yana ɗauke da lambarsa. Ki buɗe akwatin saƙonni ki koma ranar da kayan suka iso. Idan saƙon ma ya tafi, kamfanin layin yana iya ba ki takardar shige da ficen asusunki. Mafi yawan 'yan kasuwar da suka zo mini da wannan kuka a nan muke samun lambar, ban ma taɓa sukurdireba ba. Idan ta hannun ɗanki ko wani mai shagon MoMo aka biya shi, a duba wayar ɗan, mai shagon kuma a roƙe shi ya duba littafinsa, don da yawansu suna rubuta lambar da adadin kuɗin da biro.

Daga nan sai WhatsApp. Jerin kiransa daban ne da na wayar, share ɗaya ba ya taɓa ɗayan. Idan ya taɓa kiranki ta can, ko ya turo miki muryarsa yana cewa ya wuce Offinso, lambar tana nan zaune. Ki duba saƙonnin da ke sanar da ke cewa wani ya neme ki lokacin da wayarki take kashe, su ma da lamba suke zuwa. In kina da Truecaller, ki buɗe shi ki gani, musamman idan an taɓa kunna masa ajiya a Google Drive.

Yanzu batun ajiyar Google, wanda shi ne dalilin kashe data. Wayar Android da aka saka wa Gmail, idan an kunna mata ajiya, tana tura kwafin jerin kira da saƙonni da saiti zuwa asusun. Tana yin haka da kanta idan tana kan caji, an ajiye ta ba a taɓawa na kamar awa 2, kuma tana kan wayfai. Akwai masu ba ta izinin yi da data ma. Matsalar ita ce sabon kwafi yana hawa kan tsohon. Idan jikanki ya share kiran da la'asar, kika jona wayar da dare ta sami intanet, to da safe kwafin da ke can shi ma babu komai a cikinsa. Shi ya sa gaggawa take a nan.

Kada kuma ki ce bari ki kashe ajiyar daga saiti don ki tsare tsohon kwafin. Wannan tarko ne. Wayar za ta tambaye ki ko ki kashe ki kuma goge, mutane su danna ba su karanta ba, kwafin ya tafi gaba ɗaya. Intanet kawai za ki yanke mata.

Yadda za ki san ko akwai kwafi shi ne ki shiga saitin wayar, ki nemi inda aka rubuta Google, ki shiga wurin ajiya. Za ki ga ranar da aka yi ta ƙarshe. Ranar ce komai. Idan ta riga ranar da aka share kiran, kuma ta biyo bayan ranar da kuka yi magana da direban, akwai fata sosai. Idan ta biyo bayan sharewar, ki bar wannan hanya, kada ki ɓata lokacinki.

In ranar ta yi daidai, sai a kula da kyau, don a nan ake yin asarar da ta fi ta farko. Google ba ta bari a buɗe kwafin a karanta, kuma ba ta dawo da shi sai lokacin da ake saita waya daga farko, ko sabuwa ko wadda aka yi wa fomatin. Sai ka ga wani ya karɓi wayar mutum ya yi mata fomatin nan take. Hotunan biki da na Makka da ba a taɓa kwafe su ba su tafi, saƙonnin murya su tafi, sannan a zo saka Gmail a tarar mai wayar bai san kalmar sirrinsa ba, don yaron shagon da ya sayar masa da wayar ne ya buɗe masa asusun. Wayar kuma ta ƙi buɗewa sai an saka asusun da ke kanta a da. Na sha karɓar waya a wannan hali, mai ita yana zaune a benci ya dafe kai, abin tausayi, alhali lamba ɗaya ya fito nema.

Abin da nake yi shi ne in bar wayar mai ita yadda take. Sai in ɗauko wata wayar da babu komai a kanta, wadda Android ɗinta bai gaza na waccan ba, don kwafin sabuwar Android ba ya sauka a kan tsohuwa. In kunna ta daga farko, mai wayar ya saka Gmail ɗinsa da hannunsa, mu zaɓi kwafin, mu jira ya sauka. Idan jerin kiran ya fito, a rubuta lambobin da ake so a takarda, a cire asusun, a goge wayar aron a gaban mai ita. Duk mai gyaran da kika kai wa, ki ce haka kike so a yi, kuma ki tsaya a wurin. Idan ya ce dole sai an yi wa taki fomatin, ki karɓi wayarki ki yi gaba. Ga wanda tsohuwar wayarsa ke kwance a durowa kuma, ya sani Google tana goge kwafin wayar da ta yi kwana 57 ba a yi amfani da ita ba.

Masu Samsung sun fi samun sauƙi, don idan an kunna Samsung Cloud ana iya zaɓar jerin kira kaɗai a dawo da shi daga saiti ba tare da an goge komai ba. Masu iPhone kuwa, dawo da kwafin iCloud sai an share wayar tukuna, don haka su ma wayar aro ce mafita.

Idan duk wannan bai yi ba, saura kamfanin layi. Ko MTN kike, ko Telecel, ko AT, kowane kira yana da rajista a wurinsu, lamba da rana da lokaci da tsawon magana, don da shi suke cire kuɗi. Sharewar da aka yi a wayarki ba ta taɓa wannan ba. Dokar kare bayanan mutane ta 2012, wadda ake kira Act 843, ta ba ki haƙƙin neman bayanan da wani kamfani ke riƙe da su a kanki. Ki fara kiran 100 ki ji abin da za su buƙata, sannan ki je babban ofishinsu da kanki, da Ghana Card ɗinki, ba wurin masu laima a bakin titi ba. Ki tafi da ranakun da kike nema a rubuce, hakan yana rage dogon zance. Abin da na saba gani shi ne an fi sakin kiran da kai ka buga, wanda aka cire maka kuɗi a kansa. Na wanda ya kira ka yakan bi ta hannun 'yan sanda da umarnin kotu. To ki tuna ko kin taɓa buga masa da kanki, ko da sau ɗaya ne.

Akwai abin da ke tare mutanenmu a nan, kuma yana damuna. Tun da aka fara haɗa sim da Ghana Card a 2021, iyayenmu da yawa a Aboabo da Asawase da Sabon Zongo an yi musu rajista da katin ɗa ko ƙani, don nasu bai fito a kan lokaci ba. A wurin kamfani, mai katin shi ne mai layin. Idan naki haka yake, sai kin tafi da shi. In kun je, ki daure a mayar da layin sunanki a ranar, saboda kuɗin kasuwancinki a kansa suke kwana.

Manhajojin da ke cewa za su dawo da kira cikin minti biyu, ki rabu da su. Wani bawan Allah mai sayar da kayan mota a Suame Magazine ya kawo mini wayarsa da irinsu. Na danna a gabansa, wani da'ira ya yi ta juyawa, sai ga jerin lambobi an dusashe su, an ce a biya da dala kafin a buɗe. Ya riga ya biya da katin ɗan'uwansa. Da muka duba abin da ya buɗe, sunayen da ke cikin wayarsa ne tun asali, babu ko ɗaya daga kiran da yake nema, ga shi ya ba manhajar izinin karanta saƙonninsa, inda bayanan kuɗinsa suke. Na kwamfuta kuma yawancinsu sai an yi wa waya rutin, wato a buɗe tsarinta na ciki da aka kulle, kuma buɗe makullin da ke kai ga rutin yana goge wayar gaba ɗaya, wato abin da ake nema ya tafi tun kafin a fara.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne mutumin da zai biyo ki ta akwatin sirri bayan ya ga tambayarki, ya ce yana aiki a kamfanin layi, ki turo sidi kaza ya fitar miki da jerin. Daga nan zai ce wata lamba za ta shigo wayarki, ki karanto masa. Da wannan lambar ake ƙwace WhatsApp ɗin mutum, a shiga roƙon 'yan'uwansa kuɗi da sunansa, ko a kwashe masa MoMo. Kada ki ba kowa lambar da ta shigo miki, kada ki ba kowa lambar sirrinki. Wanda hakan ta same shi ya kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta ƙasa.

Ga masu karantawa da wata niyya kuma, duk abin da na faɗa na mai neman kiran layinsa ne. Ana zuwa mini da wayar mata ko ta miji a ce in tono wa aka kira, ba na karɓa. Allah ya hana mu bin diddigin juna a cikin Suratul Hujurat, doka ma ba ta yarda ba, kuma na ga gidajen da lamba ɗaya da ba a fahimta ba ta raba.

Hajiya, kada ki manta da hanyar da ba ta buƙatar waya. Wanda ya sayar miki da masarar a Techiman ya san direban, ko ya san wanda ya haɗa ku. 'Yan kamasho da masu lodi a tashar sun san motocin da ke ɗaukar kayan Kumasi, in kin tuna kalar motar ko rubutun da ke jikinta ya isa a gane shi. Shi ma lambarki tana cikin wayarsa, kuma mai kayan mutane a mota ba ya son su kwana a hannunsa, saboda haka ki ɗaga duk baƙuwar lambar da ta shigo kwanakin nan.

Ranar da kika same shi, ki adana sunansa nan take, kuma a asusun Google, ba a kan sim ko cikin wayar ba. Sunan da aka adana a can, ko an share shi yana zama a kwandon shara kwana 30 kafin ya ɓace. Jerin kira ba wurin ajiya ba ne, wayoyi da yawa in ya kai 500 suna zubar da na ƙasa da kansu ko ba jika a gidan. Ki sa a saka miki manhajar SMS Backup & Restore, tana kwafe kira da saƙonni a kan lokacin da aka tsara mata, kuma kwafinta ana dawo da shi ba tare da fomatin ba. Yaron kuma a yi masa haƙuri, a saka wa wayar makulli.

Ki duba ranar ajiyar nan ki faɗa mini, tare da ranar da aka share kiran da kuma samfurin Tecno ɗin, sai in gaya miki ko ya cancanci a nemo wayar aro. Ranakun kawai nake buƙata, kada ki rubuto Gmail ɗinki ko kalmar sirri. Allah ya bayyana shi, ya kawo kayan lafiya.