Kekuna Biyu a Bayan Motar Tafi-da-gidanka: Me Ya Sa Sai Mun Hau Sikeli?

Yarona, tambayarka ita ce: tunda kekuna biyu kawai mai motar yake so a rataya masa a baya, me ya sa na hana ka huda ƙofa, na ce sai mun kai motar sikeli tukuna? A ganinka aiki ne na ƙusa huɗu da noti. To, zauna in yi maka bayani, domin abin da ya fi komai wuya a wannan sana'a tamu shi ne nauyi, kuma shi ne abin da ido ba ya gani.

Fara da buɗe bonet, ko ka duba ginshiƙin ƙofar direba. Za ka ga ɗan faranti da kamfani ya liƙa, mai lambobi huɗu a jere. Ta sama ita ce iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta. Ta biyu nauyinta ne haɗe da tirela idan ta ja. Ta uku abin da aksul na gaba, wato ƙarfen da tayoyin gaba biyu ke kai, zai iya ɗauka, ta huɗu na baya. Yawancin motocin da ake mayarwa ɗakin kwana, irin su Fiat Ducato da ake ƙerawa tun 1981, kilo 3,500 za ka gani a sama. Ba a banza aka tsaya nan ba: a ƙasashen Turai lasisin ƙaramar mota, wanda suke kira rukunin B, a wannan adadin ya tsaya.

Yanzu ɗauki biro. A ce mun gama aikinmu, gado da kabad da firji da batir duk sun shiga, motar ta hau sikeli ta nuna 3,000. Saura 500. Mutum biyu, sa 150. Tankin ruwa mai lita 100, kilo 100 ke nan cif, don lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Dizal lita 90 ya kai kilo 75. Tukunyar gas ta ƙarfe idan tana cike ta haura kilo 20. Mun ci 345 ke nan, ba a sa ko riga ɗaya ba. Sai kekuna. Keke na gama-gari kilo 12 zuwa 15 ne, amma na wannan mutumin masu lantarki ne, kowane ya kusa 25, ga ƙarfen da za a ɗora su a kai mai kilo 20. Jimla 70. Abin da ya rage masa na tufafi da tukwane da kujerun zama a waje da kayan gyara kilo 85 ne kacal. Kuma mai irin wannan mota kullum ƙara kaya yake yi, ban taɓa ganin wanda yake ragewa ba.

Wannan lissafin ma mai sauƙi ne. Inda nake so ka buɗe kunne shi ne wurin da nauyin zai zauna. Ka san amalanke: idan ka danna bayanta, gabanta ɗagawa yake yi. Haka mota take, tayoyin baya su ne wurin juyawar. A doguwar Ducato, tsakanin tayar gaba da ta baya mita 4 ne da ɗan ɗoriya. Kekunan kuwa za su rataye kamar mita 1.5 a bayan tayar baya. Haɗa 4 da 1.5, ka samu 5.5, ka ninka da kilo 70, ka raba da 4. Kilo 96 zai fito. Ma'ana, kayan kilo 70 sun ɗora wa aksul na baya 96, sauran 26 ɗin kuma daga gaba aka zare su. Sai ka ga mota ba ta kai 3,500 ba amma bayanta ya wuce lamba ta huɗu da ke kan farantin. Shi ya sa a sikeli ba ma tsayawa ga awo ɗaya. Tayoyin gaba su hau su kaɗai, mu rubuta. Motar duka ta hau, mu rubuta. Sannan na baya su kaɗai.

Kada ka raina kilo 26 da gaba ya rasa. Irin wannan motar da tayoyin gaba take ja, da su take juyawa, su ne kuma ke ɗaukar mafi yawan aikin birki. Idan gaba ya yi sakayau, ranar da aka yi ruwa mutum ya zo hawa a kan ciyawa ko taɓo, tayoyin sai su yi ta juyi a wuri ɗaya. A babbar hanya kuma, idan tirela ta wuce shi da gudu, zai ji sitiyari yana rawa a hannunsa. Tayoyin baya su ma suna shan wahala a ɓoye: taya mai ɗauke da fiye da ƙarfinta zafi take yi, zafi kuwa shi ke fasa ta. Don haka duba lambar ƙarfin taya da ke gefenta. Akwai ma waɗanda ake yi musamman don motocin kwana, za ka ga an rubuta CP a jikinsu.

Yanzu batun ƙofar da ka so hudawa. Mariƙin keke irin na ƙofa, ko na kamfanin Fiamma ne ko na Thule, yawanci kilo 35 ne iyakarsa. Kekuna biyu marasa lantarki sun shiga, na mutumin nan kuwa kilo 50 ne. Abin da ke riƙe ƙofar an yi shi ne don ƙofar kaɗai. Ka kawo mota irin wannan bayan ta sha hanya mai ramuka, ka tsuguna ka duba: fenti ya tsage siriri a gefen wurin da ƙofar ke juyawa, tsatsa ta fara bin tsagar, robar ƙofa ta daina kamawa daga sama, ƙura tana shiga kan gado. Idan ka rufe ƙofar sai ka ɗan ɗaga ta da gwiwa kafin ta kama. Wannan ba aikin da za mu sa hannunmu a kai ba ne. Abin da ya dace da shi mariƙi ne da ke zama a kan ƙarfen jan tirela, wanda ke ɗaure da ƙashin motar, da yawansu suna ɗaukar kilo 60. Shi ma ƙarfen yana da nasa iyakar nauyin da za a danna masa daga sama, a rubuce take a jikinsa, ka karanta. Kuma ka zaɓi irin wanda ake turawa gefe, don a buɗe ƙofofin baya ba sai an sauke kekuna ba.

Ni dai da za a bi shawarata, ciki zan sa su. A ɗaga gadon baya kusan mita ɗaya daga ƙasa, a cire tayar gaba ta kowane keke, a ɗaure ƙafarsa a kan faranti mai zamewa waje. Nauyin ya dawo kan aksul, ruwa da ƙura ba sa taɓa sarƙa, ɓarawo bai san akwai keke ba. Abin da aka rasa shi ne sarari a saman gado, dogon mutum ba zai zauna a kai ya miƙe wuya ba. Wannan zaɓin mai mota ne, namu mu faɗa masa gaskiyar kowanne. Idan ciki ne, ɗaurin ya ratsa har ƙarfen ƙasan motar, kada ka kuskura ka dogara da sukuru a jikin katako. Ranar da aka taka birki da ƙarfi, duk abin da ba a ɗaure ba kan direba zai nufa.

Idan waje ya zaɓa, kekunan za su rufe lamba da fitilun baya, sai an maimaita su a jikin mariƙin. Idan kuma zai shiga Sifen, dokarsu ta ce kayan da suka leƙo bayan mota a sa musu allo mai ratsin ja da fari, santimita 50 kowane gefe.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma zai dawo mana da shi, wato caji. Batirin keken lantarki ɗaya yana cin kusan wat-awa 500. Batirin ɗakin motar mai bol 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe kusan 1,200. Idan na dalma ne, rabinsa kawai ake ci in ana so ya daɗe, keke ɗaya ya cinye shi, firji ya kwana a kashe. Na litiyam ana iya cin kusan dukansa, kuma nauyinsa bai kai rabin na dalma ba, wanda ke kai kilo 25 zuwa 30. Ga inbata, mai juya wutar batir zuwa irin ta gida don cajar keke, ita ma tana cin nata kason. Don haka ka gaya masa ya yi caji lokacin da inji ke tafiya ko rana tana kan sola, kada ya yi shi da dare a ƙarƙashin gadon da yake kwance a kai. Kuma duk lokacin tafiya ya cire batiran daga jikin kekunan ya shigo da su ciki, kusan kilo 3 kowane ya ragu daga inda ya fi cutarwa.

Gobe da safe ka kira shi, ka ce ya zo da kekunan da kansu, ya cika tankin ruwa da na mai, ya loda kayansa yadda zai yi tafiya da su, shi da abokin tafiyarsa su zauna a kujerunsu. Kai za ka riƙe takarda ka rubuta awo ukun, sannan ka yi lissafin aksul na baya da hannunka, ni zan duba bayan ka gama.