Tambaya da Amsa: Me ya hana a ƙyanƙyashe salmon a zuba a kogi kawai?

TAMBAYA: Salam Malam, da fatan kana lafiya. Ni ina kiwon tarwaɗa ne a Zariya, kwanaki na ga wani bidiyo wai kifin salmon da ɗan uwansa tirawut suna ƙarewa a kogunan Turai da Amurka, abin ya ɗaure min kai, mutanen da ke da kuɗi da kimiyya me ya hana su ƙyanƙyashe miliyoyi su zuba kamar yadda muke yi? Sannan don Allah za mu iya kiwonsu a nan? Daga mai karatunku a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sa albarka a kiwo. Sun gwada abin da ka ce fa, sama da shekara ɗari suna zubawa, kuma a wurare da yawa bai yi ba, dalili shi ne kogi ba kamar tankinka yake ba, inda kai ke ba da abinci kai ke canza ruwa.

Ka fara sanin yadda kifin nan yake rayuwa. A can saman kogi ake haifarsa, inda ruwa ke da sanyi yana gudu a kan tsakuwa, uwar ta tona rami da jelarta ta zuba ƙwai dubbai ta rufe. 'Ya'yan su yi shekara ɗaya zuwa uku a nan sannan su gangara teku, na Sikotlan wasu har gaɓar Girinlan suke kaiwa, su yi ƙiba, su juyo su nemo ainihin kogin da aka haife su ta hanyar ƙamshin ruwan. Ikon Allah kenan. Na tekun Fasifik da sun yi ƙwai sai su mutu, na Atlantika wasu kan tsira su sake komawa. Shi tirawut yawanci a rafi yake zama, amma akwai masu fita teku su ma.

To inda maganar take shi ne ɗan kifin nan yana da kishin wuri. Da ya fito daga tsakuwa sai ya kama ɗan fili bayan wani dutse inda ruwa ke kawo masa ƙwari, duk wanda ya matso ya kore shi, wanda bai samu wuri ba ruwa ya tafi da shi ko yunwa ta kashe shi. Wani masani a Ingila, J. M. Elliott, ya yi sama da shekara talatin tun 1966 yana ƙirga tirawut a wani ɗan rafi mai suna Black Brows Beck, ya ga cewa a 'yan makonnin farko ne ake yin babbar mutuwar, kuma shekarar da ƙwai suka yi yawa fiye da kima waɗanda ke tsira ma raguwa suke yi. Ka ga kenan ko ka zuba miliyan, iya abin da rafin zai ɗauka ne zai rage. Ga shi kifin da aka raina a tanki bai san tsuntsu ba bai san farauta ba, in ya hayayyafa da na daji jikokinsu ba sa yin ƙarfi, shi ya sa a 2014 hukumar muhalli ta yankin Wales a Birtaniya ta yanke shawarar daina zuba salmon a kogunanta ta koma gyaran kogunan.

Gyaran me? Na farko tsakuwa, in aka sare itatuwan bakin rafi ko aka yi noma har gaɓa, laka ta sauko ta toshe ramin ƙwan, iska ta daina shiga su ruɓe. Sai zafi, wannan kifi da ruwa ya wuce digiri 20 ya fara wahala, wajen 25 kuwa mutuwa ce ke kusa, kuma inuwar bishiya ce ke sanyaya masa. A 2002 sama da salmon 30,000 suka mutu a kogin Klamath na Kalifoniya saboda ruwa ya yi ƙasa ya yi ɗumi cuta ta kama su a cunkushe. Amma babban abin da ke min ciwo shi ne dam. Dam ɗin Grand Coulee da aka gama a 1942 a kogin Kolumbiya na Amurka ba a yi wa kifi hanyar hawa ba, duk na saman wurin suka ƙare, ƙabilun da suka dogara da su aka bar su haka. Mu ma mun san irin wannan, tambayi masuntan Hadejiya da Nguru yadda kamu ya koma bayan an gina Tiga da Challawa, ambaliyar da kifi ke hayayyafa a ciki ta ragu.

A Klamath ɗin kuwa ƙabilun Yurok da Karuk sun yi ta fafutuka shekara da shekaru har aka rushe dam huɗu, aka gama a 2024, cikin 'yan makonni sai ga salmon a rafukan jihar Oregon inda rabon da a gan su an fi shekara ɗari. Wallahi ranar da na ga labarin nan sai da na ji daɗi har raina.

Teku ma da nata, ruwa na ɗumama abinci na canzawa, ga ƙwarƙwatar teku, ƙwaron da ke maƙalewa a jikin kifi yana cinsa, da ke fitowa daga kejin kiwon salmon a Norway da Sikotlan tana kama ƙananan na daji in sun zo wucewa. A 2024 sai da Norway ta rufe kamun salmon a koguna 33 saboda waɗanda suka dawo sun yi kaɗan.

Batun kiwo a Zariya kuwa, kar ka sa kuɗinka. Ruwanmu ya yi musu zafi, a bazara ko kwana ba za su yi ba sai da injin sanyaya ruwa, kuɗin wuta kaɗai zai cinye ribar. A Afirka inda tirawut ya zauna kan tsaunuka ne masu sanyi kamar gindin Dutsen Kenya da Lesotho, can ma Turawa ne suka kai shi. Ka riƙe tarwaɗarka, in kana son ƙari ka haɗa da karfasa.